Tambayoyinku: Aikin Sa Kai a Bayan Gilashin Kanti

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce da ke karatun digiri na biyu a wani gari na arewacin Ingila, wata huɗu ke nan da zuwana. A makon jiya wata abokiyar karatuna ta nuna mini sanarwar wata ƙaramar ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwarmu. An ara musu wani kanti da ya daɗe a rufe domin su ƙawata babbar tagarsa ta gilashi da ke kallon titi, ta yadda masu wucewa za su ga wani yanki na labarin wasan da za su nuna a watan Disamba, kuma suna neman waɗanda za su taya su haɗa kayan da kafa su ba tare da biya ba. Abin ya kwanta mini a rai, domin kaɗaici ya fara damuna, amma ban taɓa riƙe guduma ba, ban iya zane ba, ɗan ɗinkin hannu da mahaifiyata ta koya mini shi kaɗai na iya. Da na gaya wa yayana ta waya, sai ya ce karatu aka tura ni ba aikin banza ba, kuma yana tsoron kada abin ya shafi takardun zamana. Anti, mene ne ainihin wannan aiki, me za su sa ni, kuma kina ganin in je?

Ƙanwarki daga Ingila

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya sauƙaƙa miki kewar gida. Shawarata ita ce ki je, amma sai kin fara yin wasu tambayoyi da zan zo kansu, domin a cikin maganar yayanki akwai abin da bai kamata a yi watsi da shi ba.

Kin ce ba ki san aikin ba, ni kuwa ina ganin kin san rabinsa tun daga gida, domin da wuya a sami 'yar da ta tashi a ƙasar Hausa ba ta taɓa ganin jere ba. Ki tuna yadda gwaggonni da yayye da aminan uwar amarya suke ɗunguma zuwa ɗakin ana gobe ko jibi za a kai ta, wannan tana goge kwalla da samira, waccan tana ɗaura labule, wata ta taka kujera tana daidaita kwanukan saman kabad, sannan ga wata dattijuwa guda da ba ta ɗaga komai, tana tsaye a bakin ƙofa tana cewa a matsar da wancan, a sauko da wannan, launin can bai hau da na kusa da shi ba. Ba a biyan kowa ko sisi, kuma duk wahalar ana shan ta ne saboda abin da idon mai shigowa zai fara sauka a kai. Aikin da aka neme ku da shi ɗan uwan wannan ne, sai dai a nan mai kallon ba zai shigo ba. Yana kan titi, akwai gilashi a tsakaninku, yawanci sauri yake yi, kuma in abin da ke ciki bai kama shi ba a taku uku ko huɗu da zai yi a gaban tagar, ya wuce ke nan.

Dalilin da ya sa ake haɗa irin wannan taga da wasan kwaikwayo shi ne labari ake bayarwa a cikinta, da bango da haske da kayan ɗaki, tamkar dandamalin da 'yan wasa suka fita suka bari yanzun nan. Al'adar ta kankama a ƙarni na 19 lokacin da manyan gilasai masu faɗi suka yi sauƙin samu. A Birtaniya an soke harajin gilashi a 1845, aka soke harajin tagogi a 1851, daga baya wutar lantarki ta zo ta sa ana iya kallon taga har cikin dare. A Amurka, L. Frank Baum, wanda ya yi sana'ar wasan kwaikwayo kafin ya buɗe kanti, ya kafa mujalla sukutum a Shikago a 1897 wadda ba ta da wani batu sai ƙawata tagogin kantuna. Harry Gordon Selfridge kuma, bayan ya yi shekara 25 a kantin Marshall Field na wannan birni, ya buɗe nasa a titin Oxford na Landan a watan Maris na 1909, ya riƙa barin fitilun tagogi a kunne bayan an rufe kanti domin masu yawon dare su tsaya su kalla. Tun da a arewa kike, in kin sami zarafi ki leƙa titin Northumberland a Newcastle, inda kantin Fenwick yake shirya tagar ƙarshen shekara tun 1971, ki ga yadda iyaye suke bin layi da 'ya'yansu cikin sanyi. Gani ya kori ji.

Mafi yawan aikin ba a cikin tagar ake yin sa ba. Za ku yi makonni a wani ɗaki ko bayan kantin kuna yanka kwali, kuna shafa fenti, kuna liƙa takardar da aka jiƙa da gam a kan waya har ta bushe ta zama dutse ko kututturen bishiya, kuna kalmasa bakin yadi. Akan sami mutum guda da ya tsara abin, kuma in ya fito daga gidan wasan kwaikwayo zai nuna muku ƙaramin samfuri na kwali, wanda a Birtaniya aka saba yi bisa awon da santimita 1 ke tsayawa a madadin santimita 25. Ki tsaya ki kalli wannan samfuri da kyau a ranar farko, domin shi zai gaya miki inda ɗan abin da aka ba ki zai zauna, ko a gaba kusa da gilashi inda ake ganin kowane ɗinki, ko can baya inda launi kaɗai ke isa ido. Kada ki raina ɗinkin da mahaifiyarki ta koya miki. A irin wannan taro masu son riƙe burushi sukan yi yawa, amma wadda za ta zauna ta kalmasa labule mai tsawon mita uku ba tare da ya tattare ba, ita ake nema a rasa. Abin da zai fi ba ki mamaki shi ne bayan kayan duk tef ne da fil da waya, babu mai damuwa da shi tun da ba a ganinsa, alhali a fuskar da ke kallon titi ko zare guda ya sauko, fitila za ta tona shi.

Ranar kafawa ita ce mai wuya, kuma ita ce mai daɗi. Akan manna takarda a gilashin daga ciki don kada a ga aikin tun bai kammala ba. Wurin yana da ƙunci, sau da yawa mutum biyu ne kawai za su iya tsayawa a ciki, kuma akan cire takalmi a shiga da safa saboda kada a bar sawu a kan shimfiɗar. Ana farawa daga sama, wato abin da za a rataya da zaren fatsa wanda ido ba ya kamawa daga nesa, sannan bango, sannan fitilu, sannan a jera na ƙasa ana ja da baya zuwa ƙofar fita, domin duk abin da aka manta a lungu mai nisa sai an tattaka sauran kafin a kai gare shi. A kan wannan dalili ne ake goge cikin gilashin tun kafin kaya su cika wurin. Idan an zo daidaitawa sai a ɗage wani gefe na takardar, mutum guda ya fita waje da waya a kunne, ya tsaya inda mai wucewa zai tsaya, ya tsallaka titi ya duba, ya durƙusa ya duba daga tsayin yaro, yana gaya wa na ciki abin da za a motsa. Wannan shi ne matsayin dattijuwar bakin ƙofa, kuma in aka ba ki shi kada ki ɗauka an mayar da ke gefe ne, domin na ciki ba ya ganin abin da yake yi.

Haske rabin aikin ne. Da rana, in waje ya fi ciki haske, gilashin yakan koma madubi, mai kallo ya riƙa ganin fuskarsa da motocin bayansa maimakon abin da kuka wahala a kai, shi ya sa ake barin fitilu a kunne ko da rana, kuma ake duba taga sau biyu, da rana da bayan magariba. A garinku rana za ta riƙa faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba, saboda haka yawancin masu kallonku cikin duhu za su gan ta. Ki lura ko ƙwayayen fitilar irin na LED ne marasa zafi, domin tsofaffin masu zafi ba a haɗa su da takarda da auduga a rufaffen wuri. Haɗa wayar wuta kuwa ki bar wa wanda ya iya, kuma kada ki hau tsani sai da wanda ya riƙe miki shi.

Shekarun baya na taɓa taya wani ƙaramin kantin sadaka, wato inda ake sayar da kayan da mutane suka bayar kyauta don a taimaki mabuƙata da kuɗin, irin wannan aiki tare da wasu mata uku. Mun yi kwana tara muna haɗa bishiya da waya da takarda, tsayinta ya kusa mita biyu, rassanta sun bazu, kowane ganye da hannu muka yanka shi. Da daren kafawa ya zo muka ɗauko ta, sai ga shi ƙofar shiga tagar ba ta kai faɗin rassan ba, domin mun auna tsawo da faɗi da zurfin tagar, babu wadda ta tuna da ƙofar. Haka muka yanka ta gida uku da zarto, muka shigar da ita gunduwa-gunduwa, ni da wata muka durƙusa a ciki muna ɗaure mahaɗar da waya muna rufe ta da ganye har bayan sha biyun dare, yatsuna duk sun yi kanta. Washegari da safe na biyo ta wurin, na tarar da wani yaro da bai wuce shekara huɗu ba ya manna goshinsa a gilashin, numfashinsa ya yi hazo a kai, uwarsa tana jan hannunsa yana tirjewa, yana nuna mata wani ɗan tsuntsu da muka ɓoye a reshen ƙasa wanda babba ba zai gani ba sai ya sunkuya. Har yau ina tuna fuskar yaron nan. Ki tafi da tef ɗin awo a jakarki, kuma ki auna ƙofa tun ranar farko ko da wani ya ce ya auna.

Yanzu ga maganar yayanki. Tsoronsa kan takardu yana da tushe. Bizar ɗalibai ta Birtaniya ta ba mai karatun digiri damar aiki har awa 20 a mako lokacin da makaranta ke ci, kuma ƙa'idar ta raba abu biyu waɗanda mu a Hausa duk sa kai muke ce musu. Akwai mai taimako don ganin damarsa, wanda babu yarjejeniyar da ta ɗaure shi, ba dole ne ya zo a wasu sa'o'i ba, ba ya maye gurbin ma'aikaci, ba a kuma ba shi komai sai mayar masa da kuɗin mota ko na abinci da ya kashe. Wannan ba a lissafa shi cikin awa 20. Akwai kuma wanda aka ɗora wa wajibin zuwa a ƙayyadadden lokaci ya yi ƙayyadadden aiki ko da ba a biyan sa albashi, shi kuwa ana lissafa nasa. Ki ɗauki sanarwar ki kai ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku su gaya miki a wane ɓangare ta faɗa, musamman in kina da wani aikin na kuɗi a gefe, kuma kada ki karɓi wani ihsani na kuɗi da ya wuce abin da rasit ɗinki ya nuna.

Inda ban yarda da shi ba shi ne kiran abin aikin banza. Ki tuna masa da gayya, yadda ake taruwa a nome gonar mutum ko a ɗaga masa jinka, a ci tuwo a watse, ba wanda ya ce an yi asarar yini. Ba zan yi miki alkawarin sana'a za ta fito daga ciki ba, ko da yake ta fito wa wasu: Gene Moore, wanda ya shirya tagogin kantin Tiffany na New York daga 1955 zuwa 1994, ya ba Jasper Johns da Robert Rauschenberg aikin taga tun suna matasa, kafin duniya ta san su a matsayin manyan masu zane. Abin da na tabbata za ki samu shi ne mutanen garin da ba ɗalibai ba, waɗanda za su san sunanki su gaishe ki a hanya, da kunnen da zai saba da irin Turancinsu, da wanda zai iya rubuta miki takardar shaida in kin zo neman aiki. Ga wadda kaɗaici ya fara damu a wata na huɗu, da hunturu a gabanta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kafin ki amsa musu, ki tambayi labarin wasan da abin da za a nuna a tagar, domin gara ki ji tun yanzu da ki tarar a tsakiyar aiki akwai abin da zuciyarki ba ta yarda da shi ba. Ki gaya musu lokutan sallarki ba tare da jin nauyi ba, ki san da wa za ki dawo gida in an kai dare, ki kuma tambayi ko inshorarsu ta haɗa da masu taimako. Ki san wane ne mai magana ta ƙarshe a kan tsarin, domin rigima a kan wannan tsohuwa ce: a 1939 mai zanen nan Salvador Dalí ya tarar kantin Bonwit Teller na New York ya sauya tagar da ya shirya ba da saninsa ba, ya fusata ya ture bahon wanka da ke ciki har gilashin ya fashe, 'yan sanda suka kama shi. In aka cire abin da kika ɗinka saboda bai dace da sauran ba, kada ki riƙe a zuci. Sannan ki tambayi ranar kwashe kayan ki sa ta a lissafinki, domin ranar nan ce masu taimako suke ɓacewa a bar mutum biyu da tsintsiya.

TAMBAYA

Hajiya, barka da aiki. Muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasa a Kano, kuma wani mai shagon kayan sawa ya yarda ya ba mu gaban shagonsa na gilashi na mako guda kafin Sallah mu tallata wasanmu. Ba mu da kuɗi, kuma wasu daga cikinmu sun ce ba za su sa hannu ba in za a yi amfani da mutum-mutumi. Yaya za mu yi?

Ɗanki daga Kano

AMSA

Ɗana, Allah ya yi albarka. Hukuncin mutum-mutumi na malamai ne, su za ku tambaya. Abin da zan tuna maka shi ne a 2021 Hukumar Hisbah ta Kano ta sanar da hana teloli da masu shaguna amfani da shi wajen tallar tufafi, saboda haka bai dace ku jawo wa mai shagon da ya yi muku karamci wata matsala ba, bai kuma dace ku rasa abokan aikinku a kan abin da za ku iya yi ba tare da shi ba. Ni a ganina ma tagar za ta fi ƙarfi in babu shi. Ka shimfiɗa tabarma, ka ajiye takalmi ƙafa biyu a bakinta, na namiji da na mace, da buta a gefe, da akwatin ƙarfe a buɗe rabi wanda gefen mayafi ya leƙo daga ciki, da wasiƙa a ƙasa kamar yanzu ta faɗi daga hannu. Duk wanda ya wuce sai ya tambayi kansa wa ya tafi, wa aka bari, kuma wannan tambayar ce za ta kai shi kallon wasanku. In kuna son alamar mutum, babbar riga da aka rataya a kan sanda mai gicciye da hula a sama ta wadatar. Ku guji cika wurin da kaya, ku zaɓi abu guda da ido zai fara sauka a kai, sauran su yi masa hidima.

Abokan gabanku a Kano rana ce da ƙura da ɗaukewar wuta. In gilashin yana kallon yamma, ranar la'asar tana iya kashe launin atamfa ko shadda, don haka kada ku ari tufar da mai ita ke ji da ita, kuma zafin da ke taruwa a bayan gilashi yana sakin gam da tef, gara ku ɗaure da zare da waya ko ku buga ƙusa. Ku sa mutum guda ya riƙa zuwa kowace safiya da tsumma, ku kuma tanadi fitilu masu caji ko na sola, domin cunkoson masu sayayyar Sallah bayan isha'i yake, kuma taga marar haske a wannan lokaci kamar babu ita ne.

Batun masu taimako kuwa, ku bi ƙa'idar gayya: a sa rana, a gaya wa kowa abin da zai yi tun kafin ya zo, a dafa abinci. Ku roƙi telan unguwa ƙyallayen da yake zubarwa, ku roƙi kafinta ya ba ku aron yaronsa na yini guda, ku nemi kwalaye wurin masu sayar da firiji da talabijin. Ku zauna da mai shagon a gaban shaidu ku yi magana a kan wanda zai biya in gilashi ya fashe, da ranar da za ku kwashe kayanku, ku rubuta. A kusurwar tagar ta ƙasa ku ajiye ƙaramin kati mai ɗauke da sunan wasan da wuri da lokaci, a ƙarƙashinsa kuma sunayen duk waɗanda suka sa hannu, har da yaron kafintan.